Cinikin mota a Bauchi lokacin da farashi yake bin dala

Kuɗin da na tara don sayen mota sun cika naira miliyan huɗu da dubu ɗari biyar a ƙarshen Disambar 2023. Rabinsu bashi ne daga ƙungiyar taimakon juna ta wurin aikinmu, wanda ake cira a albashi duk wata. Sauran kuwa masara ce da shinkafar da na noma a gonarmu ta wajen Soro, da babur ɗina da na sayar. Ni malamin makaranta ne a cikin garin Bauchi, ina da iyali, ga kuma Inna, mahaifiyata, wadda ciwon ƙafa ya hana ta hawa babur, alhali duk wata sai ta ga likita. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ɗaukar shatar keke zuwa asibiti da dawowa ya zame mini nauyi, ita kuma girgizar keken tana ƙara mata ciwo.

Burina Toyota Corolla ce ƙirar 2005 ko 2006, 'yar Kwatano, wato tsohuwar motar da aka shigo da ita daga ƙasar waje. A farkon 2023 wani abokin aikina ya sayi irinta a kan miliyan uku da dubu ɗari takwas, don haka na ɗauka abin da ke hannuna zai sayi motar har ya yi mata takardu.

A Janairun 2024 na fara zagaya wuraren sayar da motoci da ke bakin manyan titunan gari. Wuraren sun yi fayau. Filin da a da ake cusa motoci har sai yaro ya bi ta gefe kafin ya buɗe ƙofa, yanzu 'yan ƙalilan ne aka jera a karkace don su cike wuri. Da yawa daga cikinsu ma na hannu ne, an cire musu lamba an wanke su tas. In ka duƙa za ka ga ramin kusoshin lamba ya yi tsatsa, ko ka ga sawun takardar da aka ɓanɓare a gilashin gaba. Kuma ba mai faɗa maka kuɗin mota kai tsaye. Sai ya zaro waya ya duba, wani lokaci ya koma gefe ya kira wani, sannan ya dawo da magana.

A ɗaya daga cikin wuraren na tarar da wani Alhaji, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ya sa aka kawo mini benci. Na nuna masa wata Corolla baƙa.

Ya ce, “Malam, wannan bakwai ce ba ɗari biyu.”

Na ce, “Haba Alhaji, bara warhaka fa ko huɗu ba ta kai ba.”

Ya ce, “Bara warhaka nawa dala take?”

Sai ya zauna ya yi mini lissafin. Motar da aka sayo a wajen gwanjo a Amurka da dala aka biya ta. Kuɗin jirgin ruwan da ya kawo ta Legas dala ne. Kuɗin kwastan ma, duk da cewa da naira ake biya, da farashin dala ake lissafa shi. Kafin Yunin 2023 kwastan suna lissafa dala ɗaya a kan naira 422. Da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni, lissafin ya koma 770 a Yuli, ya kai 951 a Disamba. Ya ce, “In na sayar maka da wannan a kuɗin da na sayo ta na ɗora 'yar riba, gobe in na je Legas kuɗin nan ba za su sayo mini 'yar'uwarta ba. Haka zan yi ta yi har wurin nan ya koma filin ƙwallo.”

Ban iya musa masa ba, domin ni ma da na kai masarata kasuwa ban sayar da ita a kan lissafin takin da na zuba da damina ba, a farashin ranar na sayar, ina tunanin takin baɗi. Wannan ɓangaren na tsadar gaskiya ne, kuma ba a Bauchi aka ƙirƙire shi ba.

Ƙarancin ma ba a 2023 ya faro ba. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, sai ta tashar jiragen ruwa. Motocin da suka saba biyowa daga Kwatano ta Nijar su faɗo Arewa, dole suka koma Legas, ko su shigo ta ɓarauniyar hanya ba takarda. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Korona ta tsayar da masana'antu, aka shiga ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarkin da sabuwar mota ba ta kammaluwa sai da su. Sababbin motoci suka yi wuya a Amurka da Turai a 2021 da 2022, mutanen can suka riƙe tsofaffinsu, waɗanda mu a nan muke jira su saki. A Fabrairun 2022 kwastan suka fito da tsarin kimanta mota ta lambar shasi, har ejan-ejan masu fitar da motoci a tashoshin Legas suka yi yajin aiki. A Afrilun shekarar aka ɗora harajin kashi 15 cikin 100 a kan diyutin kashi 20 na tsofaffin motoci. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sake rufe iyakar Arewa har zuwa Maris na 2024.

Abin yana yi mini ciwo in na tuna a garin nan namu aka kafa kamfanin Steyr a shekarun 1970, ana haɗa manyan motoci da taraktoci, Kaduna kuma tana fitar da Peugeot tun 1975. Iyayenmu ma'aikata bashin mota suke karɓa su ɗauko 504 sabuwa fil. Mu kuma ga mu muna neman motar da ta doshi shekara 20 a duniya, tana neman fin ƙarfinmu.

Amma akwai wata tsadar da babu ruwan dala a ciki, kuma ita ce ta fi ɓata mini rai. Da labari ya bazu cewa ina neman mota, sai wayata ta cika da hotuna a WhatsApp. Wata Corolla mai ruwan toka, da takardar wata jami'ar Amurka manne a gilashin bayanta, ta zo mini daga hannun mutum uku. Na farko ya ce shida da ɗari biyar. Na biyu ya ce shida da ɗari tara. Na uku ya ce bakwai da ɗari biyu, kuma ya rantse motar yayansa ce. Na lura da katangar da ke bayan motar a hoton, na gane wurin, na je da ƙafata. Mai ita ya ce shida da ɗari biyu yake nema, kuma a cikin ukun nan mutum ɗaya kawai ya sani. Wato shi ya ba yaro ɗaya hoto, yaron ya ɗora nasa ya tura wa abokinsa, abokin ya ɗora nasa ya tura gaba. Miliyan guda ta hau kan mota ba ta motsa daga inda take ba.

Ba na ƙin dillanci. Tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma a kasuwar shanu ko ta hatsi kowa ya san la'ada, a fili ake ba da ita, mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani. Dillalin kirki yakan san kayan, ya tsaya a tsakani, in an samu matsala a neme shi a same shi. 'Yan kayi-na-yi na mota kuwa yawancinsu ko bonet ba su taɓa buɗewa ba. Abin da suke tsarewa kawai shi ne kada ka haɗu da mai motar. In ka matsa sai ka ganta, sai a riga ka zuwa a roƙi mai ita ya faɗi kuɗin da aka faɗa maka, a ce za a ba shi wani abu a ciki. Na san rashin aikin yi ne ya tura samari da yawa wannan hanya, wasunsu ma ɗalibaina ne na da. Duk da haka kuɗin da suke ɗorawa daga aljihun malamin makaranta da ɗan fansho suke fita.

Akwai kuma dabarar mai sayen ƙarya. Kana tsaye kana duba mota sai wani ya shigo da sauri da babbar riga, ya zagaya ta, ya taya sama da abin da ka taya, ya ce zai je banki ya dawo. Na ga fuska ɗaya ta yi wannan a wurare biyu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba don kawai ya ɗaga wa wani farashi. Malamanmu suna karantar da wannan a babin ciniki, amma a filin mota kamar ba a taɓa ji ba.

Da Yaya, babban wanmu, ya ga halin da nake ciki, sai ya ce zai ranta mini miliyan ɗaya. Da wannan ƙarfin na sauko zuwa Corolla ƙirar 2003 a wurin wani dila daban, a ƙarshen Janairu. Muka yi ciniki, ya ce albarka, na ƙara, har ya sallama a kan biyar da ɗari huɗu a gaban mutane. Na ba da kafin alƙalami dubu ɗari biyar, muka ajiye magana zan cika ranar Litinin in kuɗin Yaya sun shigo. Ranar Juma'a, 2 ga Fabrairu, lissafin dalar kwastan ya tashi daga 951 zuwa 1,356. Da na zo ranar Litinin da cikon kuɗi, sai ya ce motar ta koma shida da ɗari uku.

Na ce, “Alhaji, ai ka sallama, ga shaidu.”

Ya ce, “Malam, ka ji abin da ya faru a tasha. Ba ni na yi ba.”

Motar nan ta daɗe da fitowa daga tasha, an biya mata diyuti da tsohon lissafi, kuma tun ranar da ya karɓi kuɗina ta tashi daga cikin hajarsa. Da ban taya ba ya ƙara kuɗi, da ba ni da ta cewa. Tayar da cinikin da ya riga ya faɗa kuwa cin amana ne, ko dala ta kai nawa. Na kai maganar gaban dattijon da 'yan kasuwar wurin suke jin maganarsa. Ya saurare mu, ya ce wa dilan bai kyauta ba, amma iyakar abin da ya iya shi ne ya sa a mayar mini da kuɗina. Sai da na yi ta sintiri kafin su dawo, kuma kafin watan ya ƙare dalar kwastan ta haura 1,600. A kasuwar bayan fage har ta doshi 1,900. Kuɗina suna ajiye a banki, adadinsu bai canja ba, amma kullum motar da za su iya saye tana ƙara tsufa.

Aka ba ni shawara in gwada Kano, tun da can ne kasuwar ta fi girma. Na ɗauki Baba makaniki, wanda yake gyaran motocin gidanmu tun zamanin mahaifinmu, muka bi ta Ningi da Birnin Kudu. Motoci sun fi yawa a Kano, farashi kuwa kusan ɗaya ne. Wata Corolla fara ce kawai ta zo daidai aljihuna, tana ƙyalli, cikinta yana ƙamshin turare, kuɗinta ya gaza na sauran da kusan miliyan guda. Ni har na fara murna. Baba bai ce komai ba. Ya tura kujerar direba baya ya haska ƙarafan da take gudu a kai, duk tsatsa. Ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, sai ga layin dattin ruwa a jikinsa. Ya ɗaga kafet ɗin but, ya ciro safaya, ya shafo busasshen laka a ramin. Ya kunna makulli bai tayar ba, yana kallon fitilun dashbod, ya ce fitilar jakar iska ta kariya ba ta kawo ba sam, alamar an cire ƙwan ne don kada ta tona asiri.

Ya ce, “Malam, wannan ta kwana a ruwa. Injin zai yi maka aiki, amma wayoyinta za su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Gidan mai gyaran waya zai zama gidanka.”

Na tura wa ɗan Yaya lambar shasin, mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ya bincika a intanet. Sai ga hotunanta a filin gwanjo a Amurka, an rubuta ambaliya ce ta lalata ta, kuma tafiyar da ta yi a can ta fi wadda agogonta yake nunawa yanzu nesa ba kusa ba. Irin waɗannan sun yi yawa a kasuwa, domin da dala ta yi tsada masu shigo da mota da yawa sun koma sayen waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci, a gyara a nan. Baba ya kuma nuna mini wani abu da ban sani ba: ya shiga ƙarƙashin wata motar ya ƙwanƙwasa tukunyar salansa, ya ce an fasa an kwashe ragar tace hayaƙin da ke ciki, wadda ake kira indomi, an sayar, an mayar da walda. Motar da aka yi wa haka takan ƙara shan mai, ga shi a lokacin lita ta haura naira 600.

Muka dawo Bauchi hannu rabbana. A hanya Baba ya ce in cire 'yar Kwatano daga raina, in nemi ta hannu wadda aka san mai ita, aka san makanikin da yake duba ta. Ya ce motar da ta yi shekaru a hannun mutum ɗaya mai kula ta fi wadda ba wanda ya san tarihinta.

Kawu ne ya kawo mafita. Wani abokinsa ɗan fansho yana da motoci biyu, mai ya fi ƙarfinsa, yana son sakin ɗaya, Pontiac Vibe ƙirar 2005. Da farko na yi jim, don sunan ba Toyota ba ne. Baba ya buɗe bonet ya nuna mini injin, irin na Corolla ne mai lita 1.8. Vibe da Toyota Matrix tagwaye ne, kuma ita Vibe ɗin a wata masana'antar haɗin gwiwar Toyota da General Motors aka ƙera ta a Kalifoniya. Kayan gyaranta suna nan birjik a Bauchi. Bayanta a buɗe yake, kuma ta ɗan fi Corolla tudu, don haka Inna za ta shiga ba sai ta durƙusa sosai ba. Baba ya jona mata sikana, ya hau da ita titin Jos ya saurari yadda giya take shiga, ya dawo ya duba lagireto da ƙarƙashin inji ko akwai yoyo. Ya ce shok ɗin gaba sun gaji, tayoyi biyu sun tsufa, sauran lafiya lau.

Mai motar ya ce huɗu da ɗari uku. Na ce masa, “Baba, a duba mini gyaran da ke gabana.” Kawu ya sa baki, aka tsaya a kan miliyan huɗu cif. Ba wanda ya duba waya, ba wanda ya koma gefe. Kawu ya ƙi karɓar la'ada, sai na kai masa shadda daga baya.

Kafin in biya na roƙi a ba ni takardun kwastan na motar in kai a tantance. Bauchi ce hedikwatar shiyyar D ta hukumar kwastan, don haka ba sai an yi doguwar tafiya ba. Wannan matakin bai kamata kowa ya tsallake shi ba, domin in jami'ai suka tare ka a hanya suka ga takardar jabu ce ko ba a biya diyuti ba, motar za su riƙe, ko da kai da zuciya ɗaya ka saya. Na gwada lambar shasin da ke takarda da wadda ke jikin mota harafi bayan harafi, na kuma bi ta wurin 'yan sanda aka tabbatar ba a taɓa kai rahoton sace ta ba. Muka rubuta yarjejeniya, da lambar mota, da lambar shasi, da kuɗi, Kawu da Yaya suka sa hannu a matsayin shaidu. Da yake taransifa ta waya tana da iyaka a rana, cikin banki muka shiga tare, bai miƙo makulli ba sai da ya ga alat, ni ma haka na so.

Canjin sunan mai mota da sabunta lasin a ofishin haraji na jiha ba su ba ni wahala ba. Inshorar dole, wadda take biyan wanda ka yi wa ɓarna, naira 15,000 ce tun Janairun 2023, a da 5,000 ce. Na sayi tawa a hannun kamfani, na kuma duba lambar motar a shafin intanet na masu inshora na ga ta fito, don ana sayar da ta bogi a bakin ofisoshi. Wajen tayoyi Baba ya koya mini karanta lambobi huɗu da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, saboda akwai tayar da za ka gani sabuwa alhali ta tsufa a sito. Da shok, da tayoyi, da baƙin mai, da fulogi, da takardu, dubu ɗari biyar ɗin da suka rage suka tafi kusan duka. Miliyan ɗayan Yaya na mayar masa ban taɓa ba.

A watan Afrilu naira ta farfaɗo, dala ta sauko ƙasa da 1,200. Wani abokin aikina da yake ta jira ya ce in raka shi, yanzu kam motoci za su sauko. Na kai shi wurin Alhajin nan dattijo da ya fara yi mini lissafi, don shi na fi yarda da shi. Baƙar Corollar an sayar, amma akwai wata irinta. Ya ce bakwai da ɗari biyar.

Na ce, “Alhaji, a Janairu ka ce mini da kuɗin da za ka sayo wata kake lissafi. Yau dala ta sauko, wadda za ka sayo gobe ta yi sauƙi.”

Ya ce, “Wannan a tsadar Fabrairu na fitar da ita, Malam. In na bi farashin yau na faɗi.”

Na ce masa in dala ta hau a bi farashin gobe, in ta sauko a bi na jiya, to mai saye ba shi da ranar da lissafi zai zo ta wajensa ke nan. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma bai yarda saukowar za ta ɗore ba, ya rage dubu ɗari. Abokina bai saya ba, ya ce zai ƙara jira. Kafin ƙarshen Mayu dala ta koma wajen 1,500, sai ya dawo ya ce in tambayar masa Kawu ko akwai wani ɗan fanshon da yake son sakin mota.